Matasa, ku daina sayar da iliminku ga masu gudun impo

Daren jiya a fada, nan Boukoki, shayi bai ma kai ga na biyu ba wani ƙanenmu da ya gama kwantabilite ya fara yi mana burga, wai yanzu Alhazai uku na kasuwar Katako ke hannunsa, shi ke rubuta musu littafi biyu, ɗaya na gaskiya yana ɓoye a gida, ɗaya na ƙarya shi ake nuna wa mutanen impo. Abin da ya fi ƙona min rai ba maganarsa ba ce, a'a, yadda yara suka kewaye shi suna cewa kai mutumina ka waye. Wallahi barci bai ɗauke ni da wuri ba.

Ƙannena, wannan ba wayo ba ne, sata ce da biro. Kwastoma ya biya TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya, kashi 19 cikin ɗari, kuɗin nan amana ce a hannun mai butiki, kai kuma ka zo ka koya masa yadda zai haɗiye ta da faktir na bogi, sannan gobe kai ne a gaba wajen kukan babu magani a asibiti, yara na karatu a rumfar zana. Ba ɓera kaɗai ke sata ba, har da mai nuna masa rami.

In kuna ganin ilimi na kare mutum, ku tambayi labarin Hanno Berger na Jamus. Ma'aikacin haraji ne shi kansa, mai binciken bankuna, ya ajiye aikin ya koma lauyan masu kuɗi yana tsara musu dabarar da ake kira cum-ex, a riƙa juya hannun jari tsakanin mutane har gwamnati ta mayar da harajin da sau ɗaya aka biya sau biyu ko fiye. Shi ma cewa yake doka ce ta bar ƙofa a buɗe. A 2012 da aka binciki ofishinsa ya gudu Suwizalan, ya kusa shekara goma can, a 2022 aka maido shi, kotun Bonn ta ɗaure shi shekara 8 yana tsoho ya haura saba'in. Rana dubu ta ɓarawo fa. Wannan da ya haddace dokar ƙasarsu ke nan, balle kai da difuloma ɗaya da kwamfutar aro. Ranar da aka rufe shagon Alhaji aka ɗora masa penalite, rantsuwa zai yi bai iya karatu ba, yaron nan ne ya rubuta, kuma rubutunka ne a takardar. Alhaji ya biya ya koma kasuwa, kai a wuce da kai kaso, innarka ke jigilar tuwo.

Kuma duk don me? Jika hamsin da za ta ƙare a cacar ƙwallo ta waya, wadda ita ma wata masifa ce da ta cinye samarin unguwa.

Na san impo na da nauyi, na san akwai ma'aikatan da ke cin nasu rabon, Allah ya shirye su. Ka taimaki ɗan kasuwa ya biya daidai abin da ke kansa, ai shi ma aiki ne.

Baba na, Allah ya jiƙansa, ɗan koli ne a Tahoua, resin patanti, harajin sana'arsa, yake naɗewa a leda ya ajiye ƙasan akwati shekara da shekaru, kunya yake ji a ce hukuma na bin sa ko dala. Jiya kuwa tafi aka yi wa yaron nan, har da mai cewa ya ba shi lambarsa.