Agashenmu da gubar dalma

Wallahi labarin da na ji, cewa gubar ƙarfe irin su dalma na iya shiga naman da ake gasawa a bakin titi, ya taɓa ni. Mu Hausawan Sudan da agashe, wato gasasshen nama mai yaji, aka san mu, da kuɗinsa aka rene mu. Amma a nan Gadarif na ga wani ya shimfiɗa nama kan ragar tsohon firji, ya hura wuta da katako mai fenti, ya gama ya naɗe a jarida, har tawada ta kama naman. Fenti da tawada na iya ɗauke da dalma, kuma wuta fa ba ta kashe ta, taruwa take a jiki, kuma yara ta fi illatawa, kamar yadda ta yi a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Ni yanzu da kwanona nake zuwa, sai na leƙa ragar kafin in miƙa kuɗi.