Inshorar lafiya ba ta mai albashi kaɗai ba ce

Tela, mai shago, direban adaidaita, da yawa sun ɗauka inshorar lafiya sai ma'aikacin gwamnati. Ba haka ba ne. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA) ta 2022 ta shafi kowa a Najeriya, kuma hukumar tana da tsarin GIFSHIP, inda mutum ɗaya, ko iyali, ko ƙungiyar 'yan kasuwa za su biya kuɗin shekara su shiga. Jihohi ma suna da nasu hukumomin: KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna. Abin takaici ne mutum ya sayar da keken ɗinkinsa saboda kuɗin tiyatar haihuwa. Kafin ka biya, tambayi wane asibiti za ka riƙa zuwa, da wace jinya ce ba ta cikin tsarin.