Kububuwa ta sari karena, na rasa inda zan kai shi

A kakar da ta wuce, muna tsaka da yankan gero a bayan gidanmu da ke kudancin Gombe, kububuwa ta sari karen da ya shekara shida yana gadin awakina. A ƙarƙashin tarin kara take kwance, daidai inda ƙaramar 'yata take zama tana ɓarar gyaɗa, kuma karen ne ya riga yarinyar kai hanci wurin.

Kafin la'asar fuskarsa ta kumbura har idanunsa suka rufe, jini yana tsattsafowa daga dasashinsa ba ya tsayawa, domin dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. Na ɗora shi a kan babur zuwa asibitin dabbobi, inda na tarar da ma'aikaci ɗaya tak, shi ma ya shaida mini cewa ba su ajiye maganin dafi, abin da ke kan kantarsu maganin tsutsa ne da allurar rage zafi. Na zaga kemis huɗu ban samu ba, a na ƙarshen ma sai mai shagon ya ce da ni, "Malam, a kan kare kake wannan wahala?" Maƙwabta kuwa suka dage in tsaga wurin in ɗura masa manja, abin da ba ya kashe dafi, tsagawar ma sai ƙara zubar jini.

Ban ce a fifita kare a kan mutum ba. Na san yadda manoma daga Billiri da Balanga da Shongom suke cika asibitin saran maciji na Kaltungo, na kuma san maganin dafin maciji na EchiTAb daga Birtaniya da Kosta Rika ake kawo shi da tsada. Amma ƙasar da kububuwa da kasa da kumurci suka yi wa katutu haka, yaya za a buɗe asibitin dabbobi babu ko kwalba ɗaya, babu kuma wanda zai gaya maka inda za ka nufa? Mage ma haka take ƙarewa, a sare ta a ƙafar gaba, ta shige ƙarƙashin rumbu, sai wari ya nuna inda take.

Karen ya mutu a daren kwana na biyu a bakin garken awakin, ni da 'yata muna tsaye a kansa da tocila.