Masu gyaran ciyawa sun ishe ni

Wata uku ke nan muna biyan wani kamfani a nan Kaduna domin ya kula da ciyawar tsakar gidanmu, amma wallahi ta fi kyau kafin su sa mata hannu.

Ba a yanke wa ciyawa fiye da kashi 1 cikin 3 na tsawonta a lokaci guda, in ba haka ba saiwarta ta raunana, rana ta ƙone ta. Su kuwa, don kada su dawo da wuri, sai su aske ta ƙwal har ƙasa. Wuƙar injinsu ma ta dakushe, yagar ganyen take yi, shi ya sa bayan kwana biyu sai bakinsa ya bushe ya yi ja.

Ban ruwa kuma sai da tsakar rana, maimakon da sassafe. Da man janareta fa nake jawo ruwan nan daga rijiyar burtsatse!

Abin da ya fi ƙona min rai, cikin kwata suke tura abin da suka yanke, a tsakiyar damina. Ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida, maƙwabta suna ta ƙorafi, ni ke jin kunya. Sau uku ina kiran shugabansu yana ba ni haƙuri, har yau kwatar a toshe take.