Kan zanen Oresegun Olumide

Masu cewa "ai gara a ɗauki hoto kawai" ba su kalli aikin Oresegun Olumide, mai zane kamar hoton kyamara, da kyau ba. Mutumin Ikorodu ne, a Kwalejin Fasaha ta Yaba ya yi karatu, da fentin mai yake zana yaran nan masu wanka, ruwa na gangarowa a fuska kamar ka sa hannu ka share. Kyamara abin da ta tarar take kamawa. Shi kuwa makonni yake yi yana zaɓen inda haske zai sauka a baƙar fata, abin da wayoyinmu ke yawan ɓatawa. A 2016 zanensa ya bazu a Facebook. Da ma ya zo mana Argungu lokacin bikin kamun kifi, ya gwada zana masunta da homa da gora a kogin Matan Fada. Ruwanmu duk laka ne fa!