Bar mai kwana a titi ya hau dandali da kansa

A shekarar 1991 Adrian Jackson ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Cardboard Citizens a Landan, a zamanin da mutane da yawa suke kwana cikin kwalaye a ƙarƙashin hanya kusa da tashar jirgin ƙasa ta Waterloo. 'Yan wasanta mutane ne da suka ɗanɗana rashin muhalli, kuma dandalinsu shi ne gidajen kwanan marasa galihu, da cibiyoyin da suke wuni, da gidajen yari.

Na san abin da wasu za su ce: mai jin yunwa tuwo yake so, ba wasa ba. Gaskiya ne wasa ba ya biyan kuɗin haya, kuma duk gwamnatin da ta fake da shi ta ƙi gina gidaje ta ci amana. Amma wanda ya daɗe a titi ba ɗaki kaɗai ya rasa ba, ya rasa mai sauraronsa. Mutane suna wuce shi suna kau da kai, ma'aikata suna yanke hukunci a kansa ba tare da an tambaye shi ba.

Salon da ƙungiyar take bi, wanda ta ɗauko daga Augusto Boal, mai shirya wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Birazil, shi ne ya ja hankalina. Ana nuna wasan sau ɗaya har ƙarshe. Misali, ga mace mai gida ya kore ta, ta je ofishin ƙaramar hukuma riƙe da jakarta da takardunta, ma'aikaci ya ce ba ta cika sharaɗi ba, ta fito dare ya yi mata. Sai a sake farawa, amma a wannan karon duk ɗan kallon da ya ga inda aka kuskure yana iya ɗaga murya ya tsayar da wasan, ya hau ya tsaya a matsayinta, ya gwada tasa dabarar. Mai fitowa a ma'aikaci kuwa ba zai sassauta masa ba, zai kafe kamar yadda ake kafewa a zahiri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma 'yan kallon nan sun sha tsayawa gaban irin wannan tebur, saboda haka abin da suke yi atisaye ne na gobe da safe.

Boal bai ɗauki abin da wasa ba, domin sojoji sun kama shi sun azabtar da shi a 1971 kafin ya yi gudun hijira. Bayan ya dawo gida ya zama kansila a Rio de Janeiro daga 1993 zuwa 1996, ya riƙa tattara shawarwarin da talakawa suka gwada a dandali yana kai su majalisa, har guda 13 suka zama doka.