Ƙanwata ba ta cikin lissafinku

Tun ranar da muka binne ƙanwata, in na ji wani babba a rediyo yana karanto alƙaluman lafiya sai zuciyata ta yi ta tafasa. An gina kaza, an gyara kaza, mun matsa gaba a jerin ƙasashe. Wane jeri? Wa ya yi ƙirgar, kuma su wa aka ƙirga?

Cikinta na uku ne, kuma ba ta taɓa fashin zuwa awo ba. Katinta na nan a ɗakin Inna, duk an cike shi. Wajen ƙarfe ɗaya na dare naƙuda ta taso, muka sa ta a adaidaita sahu. Asibitin unguwa a garƙame, mai gadi ya leƙo ya ce sai da safe. Muka wuce babban asibiti, muka tarar an ɗauke wuta, janareta ba mai. Ma'aikaciyar jinya ɗaya tal ke kan mata sun fi goma, wasu a tabarma a baranda. Wallahi ban ga laifin baiwar Allahn nan ba. Wayata ta aiko aka karɓa, da fitilarta aka karɓi haihuwar. Ni kuwa aka miƙo mini 'yar takarda: safar hannu, auduga, sirinji, ruwan ƙari, allurar tsayar da jini. Sau uku ina gudu zuwa kemis ɗin bakin ƙofa.

Ta haihu, jini ya ɓalle. "Malam, ku nemo jini leda biyu." A ina, cikin wannan tsakar dare? Ɗakin ajiyar jini fayau, sai ka kawo mai bayarwa, a gwada shi, ka biya kuɗin gwaji da na leda. Likitan da ke aiki shi kaɗai ne, yana ɗakin tiyata. Gab da asuba aka ce mu kai ta gaba. A hanya ta ce mini, "Yaya, sanyi nake ji." Na cire rigata na lulluɓa mata. Ta cika, kanta na kan cinyar Inna.

Kafin azahar an yi mata sutura. To ku duba yadda ta shiga takarda. Asibitin farko ba su ma san mun zo ba. Na biyu sun rubuta ta haihu, an tura ta gaba. Na uku ba ta kai ba. Takardar shaidar mutuwa babu wanda ya ce mu karɓa, kamar yadda ake binne yawancin mamatanmu. A kundin da za a tattara a aika sama, ƙanwata mace ce da ta haihu a asibiti a hannun ƙwararriya. Nasara ce za a karanto mana.

Shi ya sa alƙaluman ba sa haɗuwa. Babban binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce mata 512 ke mutuwa cikin kowace haihuwa dubu 100. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce 1,047, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da haihuwa ta kashe a duniya a shekarar 'yan Najeriya ne. Ƙasa ɗaya, lissafi biyu, ɗaya ya ninka ɗaya! Tunda ba cikakkiyar rajistar mutuwa, sai a bi wasu gidaje ana tambayar mata ko suna da 'yar'uwar da ta rasu da ciki ko wajen haihuwa, sauran a cike da ƙiyasi. Mai mulki kuma ya ɗauki wanda ya fi yi masa daɗin faɗa. A Ingila tun 1952 in mace ta mutu wajen haihuwa sai an bi diddigi: me ya faru, ina aka yi sakaci, me za a gyara. Da su ake jera mu a teburi ɗaya, su sun san matansu ɗaya bayan ɗaya, mu kuma kintace ake yi da namu.

Kuma kada wani ya fake da cewa ma'aunin Turawa ne bai dace da mu ba. A 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera ƙasashe 191, Faransa ta zo ta ɗaya, Amurka ta 37, Najeriya ta 187. An yi ta cece-kuce kan yadda aka yi lissafin, hukumar ba ta sake irin wannan jeri ba. Na yarda ma'aunin na da gyara. To namu ma'aunin fa, wanda muka kafa da bakinmu? A Afrilun 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Mu masu masaukin baƙi ko sau ɗaya gwamnatin tarayya ba ta cika ba, galibi a wajen kashi 5 ake ta yawo. Fiye da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a lafiya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fita, irin gudun da na yi zuwa kemis ke nan. Dokar lafiya ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar gaggawa bisa kowane dalili. Mai gadin da ya ce sai da safe, wa zan kai ƙara, shi ko waɗanda suka bar asibitin ba ma'aikacin dare?

Manyanmu sun fi kowa iya kwatanta asibitin wata ƙasa da na wata, ranar da jikinsu ya motsa ake gani. A 2017 shugaban ƙasa ya shafe fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan. Ba sa buƙatar rahoto kafin su hau jirgi.

Ni dai abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. Ku rubuta ta. Ku aiko wani da biro da takarda ya zauna a zaurenmu ya tambaye mu ƙarfe nawa muka fita, ƙofa nawa muka buga, minti nawa muka yi muna neman jini. Jaririyar na hannun Inna, da madarar gwangwani ake rainonta, ta shiga wata na biyar. Har yau ba wanda ya zo.